Kunne Daga Haƙarƙari

Wata ranar Talata, bayan mun tashi daga karatu, ɗaya daga cikin matan ajinmu ta tsaya, ba ta bi sauran ba. Tana riƙe da hannun ɗanta, yaro ɗan shekara biyar. Lokacin bazara ne, rana kamar ta tsaga kai, amma yaron na sanye da hular sanyi, an ja ta har ƙasa. Matar ta duba hagu da dama, ta ga ba kowa, sannan ta ɗage hular. A gefen dama babu kunne. Sai wani ɗan tsiron nama da bai wuce kwanson gyaɗa ba, kuma babu rami.

Ta ce: "Malam, kai da kake karance-karance, shin wanga abu yana da magani? Ubansa ya ce ba za ya sa shi lakwal ba, don kada yara su yi mishi dariya."

Ni malamin yaƙi da jahilci ne, ba lokotoro ba. Na ce ta ba ni lokaci in bincika. Na tambayi ma'aikatan lafiya, na karanta abin da ya zo hannuna. Abin da na samo shi ne na rubuta a nan, domin na tabbata ba ita kaɗai ba ce mai irin wannan yaro a ɓoye cikin hula ko cikin kallabi.

Kunnen da ake gani da kunnen da ke ji

Muna cewa kunne ya girmi kaka, amma kaɗan ne cikinmu suka san yadda yake. Abin da muke kira kunne kashi uku ne. Akwai na waje, wanda ake gani, wanda ake ja in yaro ya yi laifi. Daga shi rami ya tafi ciki har ga dodon kunne, wata siririyar fata mai kama da fatar ganga. Bayan dodon kunne akwai ɗan ɗaki mai ƙasusuwa uku, su ne mafi ƙanƙanta a jikin mutum duka. Can ciki kuma, a binne cikin ƙashin kai, akwai kashi na uku, a nannaɗe kamar dodon koɗi. A nan jijiyar ji take. Ita ke kai saƙo ga ƙwaƙwalwa.

To, kunnen waje aikinsa tattara sauti ne, kamar yadda mazurari ke tattara mai ya zuba shi cikin kwalba. Yana kuma taimaka ma mutum ya gane daga ina magana ta fito. Amma ainihin ji, can ciki ake yin shi.

Ga abin da ya kamata iyaye su riƙe. Kunnen ciki da kunnen waje ba daga tushe ɗaya suke tsirowa ba lokacin da yaro ke cikin ciki. Saboda haka mafi yawan yaran da aka haifa ba kunnen waje, kunnensu na ciki lafiyarsa lau. Ƙofa ce kawai ke rufe. Sauti na shiga, amma a dushe, kamar mai magana daga bayan katanga.

Ku gwada da kanku. Ku toshe kunnuwanku biyu da yatsu, sannan ku ƙwanƙwasa haƙoranku na sama da na ƙasa. Kun ji ƙara, ko ba haka ba? Ta ina ta shiga, alhali ramukan na toshe? Ta cikin ƙashin kai ta bi. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Mi ke kawo shi?

Kunnen waje yana fara haɗuwa tun ciki na da wajen sati shida, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Wasu ƴan tudu guda shida ne ke fitowa a gefen wuyan ɗan tayi. Su girma, su haɗe, su ba da surar kunne. In haɗuwar ta tsaya a hanya, sai a haifi yaro da ƙaramin kunne, ko da ɗan tsiro, ko ba komi sam. Lokotoro na kiran abin mikrotiya, wato ƙaramin kunne.

Ana samun yaro ɗaya cikin dubbai. Ya fi samun maza bisa mata, ya fi kama dama bisa hagu. Cikin yara goma masu shi, takwas ko tara kunne ɗaya ne abin ya shafa. Ana samun shi a kowace ƙasa, ga mai kuɗi da talaka. Wani yaron za a ga muƙamuƙinsa na wannan gefe ya ɗan fi na ɗayan ƙanƙanta, shi ya sa ake son lokotoro ya duba shi duka, ba kunnen kaɗai ba.

Matar nan ta faɗa mini uwar mijinta ta ɗora mata laifi, wai ta fita da tsakar rana tana da ciki ta gamu da iska. Wannan magana ba ta da tushe. Ba fitar rana ba ce, ba maita ba ce, ba don uwa ta ga wani abu ta yi dariya ba ne. Mafi yawan lokaci abin na zuwa haka nan, ba laifin kowa.

Abu biyu dai aka tabbatar suna ƙara haɗari. Na ɗaya ciwon suga ga mai ciki in ba a kula da shi ba. Na biyu wasu magunguna. A shekarar 1957 an fara sayar da wata ƙwaya mai suna talidomid a ƙasar Jamus. Ana ba mata masu ciki don barci da tashin zuciya. Kafin a janye ta a 1961, an haifi yara sama da 10.000 a ƙasashe da dama da naƙasa, wasu ba hannuwa, wasu ba kunnuwa. Duk lokacin da na ga mai tallar ƙwayoyi a faranti yana zaɓar ma mace mai ciki ja da rawaya a kasuwa, wannan labari nake tunawa. Mai ciki ta tafi awo, ta sha abin da aka rubuta mata kaɗai.

Abin da ba ya jira

Gyaran surar kunne yana iya jira shekaru. Ji da magana ba su jira. Yaro na koyon magana ne a shekarunsa uku na farko, kuma da kunne yake koyonta.

In kunne ɗaya ne ya samu matsala, ɗayan yakan ishi yaro ya koyi magana kamar kowa. Sai dai a auna jin nasa tun da wuri a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, wanda ake kira ORL a manyan asibitocinmu. Kuma a lallaɓi kunnen mai lafiya kamar ƙwai, tunda shi kaɗai ne jari. Kada a sa mishi tsinke ko gashin kaza. Kada a ɗiga mishi man gyaɗa ko ruwan ganye. In ya fara ciwo ko zubar da mugunya, ranar nan a tafi gidan likita. Kada kuma a mare shi a wannan gefe. A bakin hanya a riƙe hannunsa, domin mai kunne ɗaya yana jin ƙarar mota amma ba ya saurin gane ta ina take zuwa.

In kunnuwan biyu ne a rufe, to nan gaggawa ta kama. Akwai wata ƴar na'ura da ake ɗaura ma jariri a kai da maɗauri mai taushi, tun yana ɗan watanni. Tana ɗaukar magana ta mai da ita girgiza, girgizar ta bi ƙashin kai har kunnen ciki. Hanyar nan ce da kuka ji ƙarar haƙoranku. Yaron da ya samu wannan da wuri yana magana sarai. Wanda bai samu ba, sai a ɗauke shi bebe, alhali jijiyar jinsa ba abin da ya same ta.

Domi kunne ke da wuyar gyara?

Kama kunnenka ka lanƙwasa shi, ka sake. Ya koma yadda yake. Abin da ke ciki ba ƙashi ba ne, ba tsoka ba ce, guringuntsi ne, da siririyar fata ta lulluɓe shi gaba da baya. Guringuntsi ba shi da hanyoyin jini na kansa. Abincinsa daga wata ƴar yana da ke manne da shi yake samu. In ya rabu da ita sai ya mutu. In aka yanke shi kuma ba ya sake tsirowa. Ga shi da lunguna da tudu da kwari, waɗanda ko a takarda da wuya a zana su daidai. Shi ya sa masu aikin gyaran jiki ke lissafa ƙera kunne cikin ayyuka mafi wuya a sana'arsu.

An daɗe ana fama. Tun zamanin da, a ƙasar Indiya, littafin wani masanin magani mai suna Sushruta ya bayyana yadda ake gyara ƙasan kunne da ya yage, da fatar da aka yanko daga kunci. A lokacin yaƙin duniya na farko, daga 1914 zuwa 1918, wani lokotoro a Ingila mai suna Harold Gillies ya yi suna wajen gyara fuskokin sojojin da harsashi ya ɓata. Daga baya ya juya ga yaran da aka haifa ba kunne. A 1937 ya ba da labarin wata dabara: a yanko guringuntsi daga kunnen uwa a sa ma ɗanta. Uwaye sun yarda, sun ba da nasu. Wace uwa za ta ƙi? Amma da tafiya ta yi tafiya, sai guringuntsin ya narke a jikin yaran, kunnen ya shanye. Jikin mutum yana gane abin da ba nasa ba, ko da na mahaifiyarsa ne, ya yaƙe shi. An gwada na shanu, an gwada roba, ba a dace ba. Wani ya narke, wani ya huda fata ya fito.

A 1959 wani lokotoro na Amurka, Radford Tanzer, ya nuna hanyar da ake bi har yau: a ɗauko guringuntsin daga jikin yaron kansa. Daga ina? Daga haƙarƙari.

Duk wanda ya taɓa gyaran naman layya ya san wurin. Ƙashin haƙarƙarin rago bai kai har tsakiyar ƙirji ba. A ƙarshensa akwai wani farin abu mai ɗan taushi da yara ke son gurgura. Mutum ma haka yake. Wannan farin abu shi ake sassaƙawa a yi kunne.

Yadda ake aikin

Da farko sai haƙuri. Ba a yi ma jariri. Dalili biyu ne. Kunnen yaro yana kusan kai girman na babba ne a wajen shekara shida, kuma da mai lafiyar ake auna sabon. Sannan dole haƙarƙarin ya yi kaurin da za a samu abin sassaƙa. Wasu lokotoro na farawa daga shekara shida ko bakwai. Wasu sai yaro ya kai goma, kuma sai an zagaya ƙirjinsa da magwaji an samu santimeta 60. Akwai wani amfani ga jiran: yaro mai shekara goma yana iya faɗin ko yana so ko ba ya so, kuma yana iya kiyaye mikin.

Ranar aiki, lokotoro ya ɗora wata leda mai kauri da ake gani ta cikinta a kan kunnen mai lafiya, ya zana shi. Ya yanke zanen, ya juya shi, ya zama samfurin ɗaya gefen. Ya auna nisa daga ido, daga hanci, daga gefen baki, don sabon kunne ya zauna daidai da ɗan'uwansa. Kunnen babban mutum tsawonsa wajen santimeta shida ne. In aka kuskure wurin ko da kaɗan, ido zai gani.

A sa yaro barci. A tsaga ƙirji, tsawon ɗan yatsa ko fiye kaɗan, a ciro guringuntsin haƙarƙari na shida da na bakwai da na takwas, wani lokaci har na tara. Ba a taɓa ƙashin kansa. Nan ana taka-tsantsan ƙwarai, domin huhu na kwance a bayan wurin.

Sannan lokotoro ya zauna a gefe da ƴan wuƙaƙensa, ya koma masassaƙi. Babban yanki ya zama gindin kunne. Ya fafe shi ya fitar da kwari da tudu. Dogon yanki na haƙarƙari na takwas ya fere shi har ya yi siriri, ya lanƙwasa shi ya zama bakin kunne, wannan da ya zagayo daga sama. Ya ɗinke su da siririyar waya ko zare, kamar yadda gyartai ke haɗa ƙwarya. Abin da ya ba ni dariya, ashe masu koyon wanga aiki da sabulu da dankali da karas suke fara gwada hannunsu, kafin a bari su taɓa jikin mutum.

In sassaƙa ta ƙare, sai a koma gefen kai. A cire ɗan murɗaɗɗen guringuntsin da ke cikin tsiron nan, a ɗaga fatar wurin a hankali ta zama kamar aljihu. A zura sassaƙar ciki. A sa wani siririn tiyo mai zuƙe iska da jini. Yana zuƙa, fata na lafewa a jikin guringuntsi, tana shiga kowane lungu. Nan take surar kunne ta bayyana inda da babu. Naman tsiron kuma ba a yar da shi, da shi ake yin ƙasan kunne, wurin da mata ke hudawa. Aikin duka yakan ci awa da yawa, kusan wuni.

Bayan an farka, ba kunnen ne ya fi ciwo ba, ƙirjin ne. Yaro ya yi kwanaki a asibiti. Makonni ba ya kwanciya a wannan gefe, ba kokowa, ba ƙwallo.

A wannan mataki kunnen na manne da kai, kamar zane a jikin bango. Sai bayan wajen wata shida a komo aiki na biyu. A tsaga bayansa a ɗaga shi, a sa ɗan guntun guringuntsi ya tokare shi, a rufe bayan da fatar da aka ɗebo daga wani wuri na jiki. Tanzer da farko har sau shida yake shiga da yaro ɗakin aiki. Wani Ba'amurke, Burt Brent, ya mai da shi sau huɗu. Satoru Nagata na Japan ya bayyana hanyar sau biyu a 1993, wata lokotoro ta birnin Pari, Françoise Firmin, ita ma ta ƙware a kan sau biyun, ta koyar da mutane da yawa.

Kada in yi muku zaƙin baki. Sabon kunne ba ya zama tamkar na haihuwa. Ya fi kauri, ya fi tauri, ba ya lanƙwasuwa. Wani lokaci miki na ruɓa, ko fata ta mutu a wani gefe sai an sake gyara. Wani yaron ƙirjinsa na ɗan lotsawa inda aka ciro. Amma naman jikinsa ne, da jininsa ke ciyar da shi. In ya ji rauni yana warkewa. Sau da yawa yana girma tare da yaron, kuma ya zauna har tsufa. Wanda ya gamu da shi a hanya ba zai waiwaya ba. Abin da yaron ke nema kenan.

Ku lura da wannan kuma: ƙera kunnen waje ba ya buɗe ji. Huda rami har ga ƙasusuwan ciki wani aiki ne dabam. Sai an ɗauki hoton cikin ƙashin kai an ga ko ginin ciki ya isa. Ba kowane yaro ya dace da shi ba, kuma jijiyar da ke motsa fuska ta nan take ratsawa. Da yawa sukan zaɓi na'urar ji maimakon hudar.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Tun farkon shekarun 1990 ana amfani da wani samfurin kunne na roba mai ƙananan ƙofofi, wanda nama ke shiga cikinsa ya kama. Ana lulluɓe shi da wata shimfiɗar nama da ake jawowa daga ƙarƙashin fatar kai. Ana iya yi tun yaro na shekara uku ko huɗu, ba a taɓa ƙirji. Amma baƙo ne a jiki, yana iya karyewa ko ya huda fata. Sai kuma kunnen sawa da cirewa, da ake yi da roba mai taushi, a rina shi kalar fatar mutum, a manna ko a maƙala shi ga ƴan kusoshi da aka dasa a ƙashi. Ya fi dacewa da dattijai da waɗanda wuta ta cinye fatar wurin. Yana koɗewa, bayan ƴan shekaru sai an sake wani.

Masana kuma na neman yadda za a rena guringuntsi a ɗakin bincike, a huta da tsaga ƙirji. A 2018 lokotoro na ƙasar Sin sun ba da labarin yara biyar da aka ɗebi ƙwayoyin halitta daga ɗan tsiron kunnensu, aka rene su a kan samfuri, aka dasa musu. A 2022 an yi ma wata budurwa ƴar shekara 20 makamancin haka a Amurka. Waɗannan gwaji ne, ba su zama aikin kullum ba.

Kunnen da ya lalace daga baya

A garuruwanmu, waɗanda suka rasa kunne da rana tsaka sun fi waɗanda aka haifa ba shi yawa: faɗuwa daga babur, cizon kare ko jaki, cizon mutum wajen faɗa, ƙunar wuta. Nan lissafin ya juya. Wancan haƙuri yake so, wannan gudu.

In kunne ya yanke, a danne mikin da tsumma mai tsabta. Kada a zuba toka, ko ƙasa, ko garin magani. In yana reto da ƴar fata, kada a ƙarasa cire shi, ƴar fatar nan tana iya zama hanyar jinin da za ta cece shi. In ya fita duka, a ɗauke guntun, a ɗauraye, a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan laima, a sa a leda a ƙulle. Ledar a sa ta cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, tana ƙona shi kamar wuta. A tafi da mutum da guntunsa asibiti nan take. Ƙaramin yanki ana iya ɗinke shi. Kunne sukutum kuwa sai an haɗa hanyoyin jini masu sirantaka kamar zare, a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A 1980 aka fara cin nasarar wannan a ƙasar Ostareliya. Ga abin mamaki: in jini ya taru a kunnen da aka mayar ya rasa hanyar fita, a manyan asibitocin Turai matsattsaku ake ɗora mishi ya tsotse. In cizo ne, a wanke da ruwa da sabulu sosai, a nemi allurar tetanos, in na kare ne har da ta haukan kare.

Ƴan kokowa da ƴan dambe, ku matso kusa. In aka bugi kunne ko aka murje shi ya kumbura sumul kamar an hura, jini ne ya taru tsakanin guringuntsi da yanar da ke ciyar da shi. Ya raba su kenan. In aka tafi gidan likita cikin kwana ɗaya ko biyu, a zuƙe jinin a ɗaure wurin tamau, kunne ya koma daidai. In aka bar shi wai zai saɓe da kansa, sai ya daskare ya dunƙule, ya yi gudaji-gudaji har abada. Na san wasu na ɗaukar wannan alamar jarunta. Su suka sani. Amma yana iya matse ramin kunne, kuma gyaransa daga baya ya fi wuya nesa.

Mata kuma, ƴan kunne masu nauyi na ja har ƙasan kunne ya tsage biyu. Wannan gyaransa mai sauƙi ne. Allurar kashe zafi a wurin, a ɗinke, ba a kai awa guda ba. Bayan wata biyu ko uku a sake huda a gefe, ba a kan tabon ba. Huda ta sama, cikin guringuntsi, ita ce mai haɗari. In ta ruɓa tana iya narkar da rabin kunne cikin ƴan kwanaki.

Sai tabon nan mai girma, wanda ke fitowa bayan huda ya yi ƙullutu kamar goro, wani har kamar lemun tsami, yana ƙaiƙayi. Sunansa keloyid. Ya fi kama baƙar fata, kuma yana bin gida. Ba a kai shi ga wanzami. In aka yanke shi kawai, mafi yawan lokaci sai ya komo, har ya fi na da. A asibiti ana haɗa yankan da allurai da ake yi cikin tabon wata bayan wata, da abin matse wurin. Yarinyar da ake irin wannan tabo a gidansu, gara ta haƙura da ƙarin huda.

Komawa ga yaronmu

Masu ƙera kunne daga haƙarƙari kaɗan ne ko a ƙasashen masu arziki, kuma aikin na da tsada. Amma aikin gyaran jiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A Yamai, asibitin yara na CURE da aka buɗe a 2010 ya gyara yara masu tsagaggen leɓe da masu tabon ƙuna da masu murɗaɗɗiyar ƙafa. Ayarin lokotoro daga waje kuma sukan zo lokaci lokaci su yi aiki tare da namu. Wanda sunansa ke cikin littafin asibiti shi ake tunawa in dama ta samu. Wanda ke ɓoye cikin hula ba wanda ya san da shi. Hanyar tana farawa daga gidan likita na kusa, a karɓi takarda zuwa babban asibiti.

Na karanta ma matar nan wannan duka, ita da mai gidanta, a zauren gidansu. Shi bai ce komi ba sai da na zo wajen haƙarƙari. Nan ya sa hannu ya shafa ƙirjin yaron, ya ce: "Ashe kunnen nasa yana nan tare da shi."

Sun kai shi awo. Kunnen hagu na ji sarai. Da aka buɗe lakwal a watan Oktoba aka rubuta shi. Na je na ga malaminsu, na roƙe shi ya zaunar da yaron a layin gaba, ta hannun dama in ana fuskantar allo, don kunnen hagu ya kalli tsakiyar aji. Satin farko yara sun yi ta leƙe, har an yi kuka sau biyu. Yanzu shekararsa bakwai, yana aji biyu. Hular tana nan, amma sai lokacin ɗari ake ganin ta. Uwar kuma ta aje wani igiyan awo na tela a cikin kwallarta. Duk ƙaramar salla sai ta zagaya ƙirjinsa da shi, ta rubuta lambar da hannunta a bayan littafinta na karatu.